Gargaɗi Ga Mai Fara Rubuta Wa Kwamfuta Umarni

A ce ɗalibi ya zaga Wurno da Rabah da Goronyo, ya tattara kalmomi daga bakin masunta da manoman albasa da shinkafa na fadamar Rima. Yana so kwamfuta ta jera masa su bisa tsarin abacada. Wannan ɗan aiki ya isa ya koya wa sabon shiga muhimman abubuwa huɗu.

Na farko, ya zaɓi harshe guda ya tsaya kansa. Umarnin kwamfuta harshe ne mai nahawunsa, sai dai kwamfuta ba ta yin uzuri. Mutum ya kan gane nufin mai magana ko da ya yi tuntuɓen harshe, ita kuwa waƙafi guda ya ɓace, sai aiki ya tsaya cik. Harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ya dace da mai farawa, domin jimlolinsa gajeru ne. Wanda ya taɓa wannan yau, gobe ya koma wancan, ba zai ƙware a ko ɗaya ba.

Na biyu, ya san cewa kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 kaɗai gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya ba su mazauni, amma can nesa da 'yan'uwansu. Lambar b 98 ce, ta k 107, ta z 122, ta ƙ kuwa 409, ta ɓ 595, ta ɗ 599. Saboda haka in aka ba Python baki, ɓera, kasa, ƙasa da zane, aka ce ta jera, sai ta kawo baki, kasa, zane, ƙasa, ɓera. Ba kuskure ta yi ba, lambobi ta bi. Maganin abin shi ne ɗalibi ya rubuta mata jerin haruffan Hausa da kansa, ya ba kowane matsayinsa, ya kuma yanke shawara tun farko ko sh da ts za su tsaya haruffa masu zaman kansu.

Na uku, ya fara da kaɗan. Kalmomi biyar ɗin nan da ido ke iya dubawa sun tona aibin da kalmomi dubu za su ɓoye. Sai gwaji ya yi kyau a ƙara yawa. Kuma lalle ya adana asalin abin da ya tattaro, kada ya taɓa shi. Basakkwace ya kan ce hwadama inda Bakano ke cewa fadama. In aka sa kwamfuta ta mai da kowane hw ya zama f cikin asalin, an shafe shaidar karin harshen da aka sha rana don nemansa, ba kuwa a mayar da ita, tun da an gauraya su da kalmomin da dama can da f aka ji su.

Na huɗu, ladabin tambaya. In aiki ya cije, ya kawo wa malami abu uku: abin da ya rubuta, abin da ya zaci zai fito, da abin da ya fito. Matsala guda a zama guda. In ana maganar jeren haruffa wani ya sako zancen wace kwamfuta ta fi kyau, sai malami ya ajiye wannan zuwa wani lokaci, in ba haka ba a watse mai tambaya bai sami amsa ba.

Ga malaman kwalejojin horon malamai, shawarata ita ce su ba ɗalibai aiki daga harshensu. Ɗalibin da ya ga ɓera ya faɗo bayan zane nan take zai san da gyara, domin tun yana firamare ya san mazaunin ɓ.