Abubuwan da ya kamata ka sani game da sauya tsofaffin taragun jirgin ƙarƙashin ƙasa a Niyu Yok

Ranar 9 ga Janairun 2022 aka yi bankwana da taragu samfurin R32 a birnin Niyu Yok na Amurka. Tun 1964 suke jigilar fasinja a ƙarƙashin birnin, shekara 57 da ɗoriya ke nan. Ba don ƙauna aka bar su suka kai wannan lokaci ba. An so a sallame su fiye da shekara goma kafin nan, abin ya faskara. Wanda ya gane dalilin faskarar ya gane yadda sha'anin sauya taragu yake a kowane babban birni: tsohon tarago ba ya barin aiki ranar da ya tsufa, sai ranar da magajinsa ya iso kuma ya nuna zai iya.

## Girman hidimar

An buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na Niyu Yok ranar 27 ga Oktoban 1904. Yau yana da tashoshi 472 da taragu sama da 6,000, kuma dare da rana yake aiki ba hutu. Hukumar sufuri ta MTA ke tafiyar da shi, ita kuwa a ƙarƙashin gwamnatin jiha take, ba ta magajin gari ba.

Taragun ba iri ɗaya ba ne. Asali kamfanoni biyu ne masu zaman kansu da kuma hukumar birni suka shimfiɗa layukan, kowa da nasa awon, sai a 1940 aka haɗe su wuri guda. Har gobe layukan da ake kira da lamba, irin su 1 da 4 da 7, ramukansu matsattsu ne, taragunsu sirara. Masu haruffa, irin su A da C da Q, nasu sun fi faɗi. Taragon layin A ba zai ratsa ramin layin 1 ba. Don haka duk sayen da za a yi, sai an bi kowane ɓangare da nasa ƙirar.

## Da me ake gane tarago ya tsufa?

A takarda, shekara 40 ake yanke wa tarago. A aikace kuwa, ma'aunin da injiniyoyi suka fi dubawa shi ne nisan da tarago ke yi kafin ya lalace lalacewar da za ta jinkirta jirgi. A farkon shekarun 1980 wannan nisa bai kai mil 7,000 ba. Birnin ya faɗa matsalar kuɗi a 1975, aka daina gyara sai abin da ya zama dole, taragu suka cika da rubuce-rubucen fenti ciki da waje, ƙofofi suna maƙalewa, gobara tana tashi a kai a kai. Shugaban MTA na lokacin, Richard Ravitch, shi ya shawo kan 'yan majalisar jiha aka samar da shirin zuba jari na shekara biyar wanda ya fara a 1982. Aka sayi sababbi, aka kwance tsofaffi aka sake haɗa su tun daga ƙafa har rufi. A Mayun 1989 aka cire jirgi na ƙarshe mai rubutun fenti, kuma a shekarun 2000 nisan ya haura mil 100,000.

Tsufa kan fara nunawa ne a ƙananan abubuwa: ƙofa, birki, na'urar sanyaya iska. R32 sun kai matsayin da na'urar sanyayawarsu ba ta jure zafin rami da bazara, har akan kwashe su daga layin C a kai su layukan da ke bi ta sararin sama, inda za su sha iska. Sannan ga matsalar kayan gyara. Kamfanin Budd na Filadelfiya da ya ƙera su guda 600 ya daina ƙera taragu tun a shekarun 1980. In wani ƙarfe ya ci, ko dai makanikai su ciro daga jikin wani taragon da aka jingine, ko su ƙera da kansu.

Gangar jikinsu kuwa ba ta gaza ba. Da farin ƙarfe marar tsatsa aka yi su, mai gurbi-gurbi daga sama har ƙasa, kuma wannan ne ya cece su. A 2010 aka gano cewa samfurin R44, waɗanda suka zo bayansu da shekaru, ƙashin jikinsu ya samu matsala. Sai aka sallami ƙannen, aka riƙe yayyen.

## Me ya hana a je a sayo kawai?

Tarago ba mota ba ne da za a tarar an jera a kanti. Hukuma ce ke rubuta yadda take so, kamfanoni su yi takara, wanda ya ci ya ƙera 'yan kaɗan na gwaji. Waɗannan za a yi wata da watanni ana jarraba su ba fasinja. Daga nan sai jarrabawar ƙarshe: jirgin ya yi kwana 30 yana ɗaukar mutane ba tare da wata babbar tangarɗa ba. In ya samu matsala a kwana na 25, lissafi ya koma farko.

Dubi samfurin R211 da ake karɓa yanzu. A Janairun 2018 aka ba kamfanin Kawasaki na Japan kwangilar taragu 535 a kan kusan dala biliyan 1.4, wato kowane ɗaya ya haura dala miliyan biyu da rabi. Annobar korona ta kawo tsaiko, fasinja bai taka cikinsu ba sai 10 ga Maris na 2023, a layin A. Shekara biyar ke nan daga sa hannu, ban da shekarun da aka ɗauka ana zane da neman kuɗi. Daga baya an ƙara oda har jimillar ta kai 1,610.

Masu ƙerawar ma sun yi kaɗan. Budd da Pullman da St. Louis Car, kamfanonin Amurka da suka cika ramukan birnin da taragu, duk sun bar sana'ar. Waɗanda suka rage na waje ne, doka kuma ta ce in da kuɗin gwamnatin tarayya a cikin sayen, dole a haɗa taragon a Amurka kuma kashi 70 cikin ɗari na kayansa ya zama na gida. Shi ya sa Kawasaki ke aikinsa a Lincoln ta jihar Nebraska da Yonkers da ke maƙwabtaka da birnin. A 2019 majalisar dokokin Amurka ta hana sayen taragun kamfanonin gwamnatin Sin da kuɗin tarayya. A 2021 kuma Alstom na Faransa ya saye sashen jiragen ƙasa na Bombardier. Mai saye yana da yawa, mai sayarwa bai cika yatsun hannu ba, farashi kuwa ya san haka.

## Sabo ma yakan ba da kunya

Sau biyu birnin ya ɗanɗana wannan sosai. Na farko a shekarun 1970 ne, da Pullman ya kawo taragu 754 samfurin R46. Ba a jima ba aka ga ƙarfen da ke riƙe ƙafafunsu yana tsagewa. Aka dinga cire su ana dubawa, aka je kotu, birnin ya yi nasara, aka sauya ƙarafan. Bayan gyaran sai ga R46 sun yi kusan shekara 50 suna aiki, su ne masu kujerun nan ruwan lemo da rawaya da mazauna birnin suka saba da su.

Na biyu shi ne ya tsawaita ran R32. A 2012 aka ba Bombardier na Kanada kwangilar taragu 300 samfurin R179 a kan kusan dala miliyan 600, farashin da ya yi ƙasa da na abokan takararsa. Araha ba ta ado. Tun a masana'anta aka ga walda tana tsagewa, aikin ya makara da shekaru, har sai da kamfanin ya ƙara taragu 18 kyauta a matsayin diyya, kuma aka cire shi daga takarar R211. Bayan sun iso ma ba a huta ba. A Janairun 2020 aka janye su gaba ɗaya saboda matsalar ƙofa. A Yunin shekarar kuma wani jirgi ya rabe biyu a tashar Chambers Street da fasinja a ciki, aka sake janye su. A lokutan biyu, tsofaffin nan na 1964 aka dogara da su suka toshe giɓin.

A ganina hukumar ta yi daidai da ba ta yi gaggawar yanka su ba, ko da yake ajiye tsohon tarago na cin fili da kuɗi. Ba a fasa tsohon tulu sai an ga sabon ya riƙe ruwa. Inda za a zarge ta shi ne tun farko, wajen zaɓen ɗan kwangila da bibiyar aikinsa.

## Abin da sabon ya zo da shi

Fasinja zai fara ganin haske, da allunan da ke nuna tasha ta gaba, da kyamarorin tsaro, da wurin keken guragu. Amma sauyin da ya fi tasiri a ƙofa yake.

R46 tsawonsa ƙafa 75 ne, guda takwas ke yin jirgi ɗaya, kowanne da ƙofa huɗu a gefe, jimilla 32. R211 ƙafa 60 ne, guda goma ke cika wannan tsawon, ƙofofi 40 ke nan. Faɗin ƙofar kuma ya tashi daga inci 50 zuwa 58. Ka tsaya a dandamali da ƙarfe takwas na safe ka ga amfanin: masu fita suna turowa, masu shiga sun tare baki, mai keken jariri ya tsaya a tsakiya, kwandasta ya leƙo ta taga yana jiran a ba ƙofa hanya. Kowace daƙiƙa da jirgin ya ƙara a nan, na bayansa ne ke tsaye cikin rami yana jira. In aka rage daƙiƙa biyar a kowace tasha, a ƙarshen layi an samu mintuna. An kuma fara gwada wani nau'in a layin C a Fabrairun 2024, wanda babu ƙofa tsakanin tarago da tarago, mutum zai iya ratsawa ya nemi inda babu cunkoso.

Sai maganar sigina, wadda fasinja ba ya gani. A layuka da yawa tsarin ba da hannu na shekarun 1930 ake amfani da shi har yanzu. Shi bai san ainihin inda jirgi yake ba, iyakarsa ya san yana cikin wani yanki na dogo, don haka dole a bar tazara mai yawa. Sabon tsarin na kwamfuta, wanda aka fara sa wa layin L sannan layin 7, yana magana da jirgin kai tsaye, jirage su bi juna kusa da kusa ba haɗari. Tsohon tarago ba ya jin wannan magana, kuma sa masa na'urar a ƙarshen rayuwarsa asarar kuɗi ce. Saboda haka jinkirin taragu jinkirin sigina ne.

## Ina ake kai tsofaffin?

Daga 2001 zuwa 2010, teku aka kai su. Akan cire ƙafafu da injina da tagogi da ƙofofi, a wanke maiƙo tas, a jera gangunan a kan faffaɗan jirgin dakon kaya. In an isa wurin da aka zaɓa, sai injin haƙa ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana tunkuɗawa cikin ruwa. Taragu kusan 2,500 aka nutsar haka a Tekun Atilantika, daura da jihohi irin su Delaware da New Jersey da Virginia da Georgia. Ƙasan tekun wajen yashi ne fetal, ba maɓoya. Da taragun suka sauka sai ƙananan halittu suka manne musu, kifaye suka biyo, masunta suka samu wurin kamu. A gaɓar Delaware kaɗai an zuba sama da 700, akasari jajayen nan da ake kira Redbird, waɗanda suka bar aiki a 2003.

Hukumar ta samu sauƙi, domin akwai sinadarin asbestos a jikin taragun, cire shi a tudu kuwa aiki ne mai tsada. Masu kare muhalli sun yi ta jayayya a kan haka. Abin da ya ba da mamaki shi ne masu farin ƙarfen nan da suka gagari tsatsa a tudu sun fi saurin wargajewa a ruwan gishiri, domin ɗinkin waldarsu ne ya saki. An rufe shirin a 2010. Yanzu 'yan gwangwan ake sayar wa, su yayyanka a narke. Kaɗan akan ajiye a gidan tarihin sufuri da ke Brooklyn, wanda shi kansa tsohuwar tasha ce, kuma a ƙarshen shekara akan fito da taragun shekarun 1930 su ɗauki mutane.

Akwai hanya ta uku, wato gwanjo. Jakarta ta daɗe tana amfani da tsofaffin taragun Tokyo kuma sun yi mata aiki. Buenos Aires ta sayi na Madrid, daga baya aka gano asbestos a cikinsu. Legas ma ta taɓa shiga wannan layi: wajen 2011 an ƙulla cinikin tsofaffin taragun Toronto don sabon layin dogon birnin, cinikin bai kai ga gaci ba, taragun suka ƙare a hannun masu narka ƙarfe. Da aka buɗe layin Blue Line a 2023, sababbi ne daga Sin suka hau shi. Gwanjon tarago yana yin riba ne kawai in awon dogo da wutar lantarki sun dace, akwai kayan gyara, kuma mai saye ya san abin da ke ɓoye cikin bango.

## Wa zai biya?

Kuɗin tikiti ba ya sayen tarago, ko hidimar yau da kullum ba ya ɗaukewa shi kaɗai. Sayen taragu daga shirin zuba jari na shekara biyar-biyar yake fitowa, wanda ake haɗawa daga jiha da birni da tarayya da kuma bashi. Shirin 2025 zuwa 2029 ya haura dala biliyan 68, a ciki har da sayen taragun ƙarƙashin ƙasa kusan 1,500, domin samfuran R62 da R68 na shekarun 1980 su ma sun kai shekara 40 ko suna bakin kaiwa.

Wata sabuwar hanyar samun kuɗi ita ce harajin cunkoso, wanda ake karɓa daga motocin da ke shiga kudancin Manhattan, ƙasa da titi na 60. An tsara shi ne don a ci bashin dala biliyan 15 a kansa. A Yunin 2024, ana saura 'yan makonni a fara, Gwamna Kathy Hochul ta dakatar da shi, nan take MTA ta jingine ayyuka na biliyoyin daloli, ciki har da sayen sababbin taragu. An dawo da shi ranar 5 ga Janairun 2025 a kan dala 9 ga ƙaramar mota, maimakon 15 da aka yanke da farko. Kimanin wata guda da rabi bayan haka gwamnatin Donald Trump ta ce ta janye amincewarta, MTA kuma ta garzaya kotu ta ci gaba da karɓar harajin.