GANDUN DAJIN GASHAKA-GUMTI: DALILIN KIYAYE KURMIN TSAUNUKA

Gandun dajin Gashaka-Gumti yana cikin jihohin Taraba da Adamawa, daura da iyakar Nijeriya da Kamaru. A shekarar 1991 ne Gwamnatin Tarayya ta haɗe gandun Gashaka da na Gumti, ta mai da su gandun daji na ƙasa. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 6,000, watau babu wanda ya kai shi girma a ƙasar nan. Babban ofishinsa yana garin Serti.

Arewacin gandun fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Kudancinsa kuwa tsaunuka ne da kwazazzabai, kurmi ya lulluɓe su. A nan ne Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419. Masu sha'awar hawan dutse daga gida da waje sukan yi kwanaki suna tafiya a ƙasa kafin su kai ƙololuwarsa, galibi da rani, lokacin da rafuka suka janye. Gandun mazauni ne na ɓauna da damisa da dorina, da birin nan da ake kira cimfanzi, wanda irinsa ya yi ƙaranci ƙwarai a duniya.

Amma babban amfanin kurmin shi ne ruwa. Ganyayen da suka zuba da saiwoyin itatuwa su ne ke riƙe ruwan damina, su riƙa sakinsa sannu a hankali cikin ƙoramu. Waɗannan ƙoramu ne ke ciyar da kogin Taraba, wanda ke malala cikin Binuwai. In aka sare kurmin, ruwan sama zai kwashe ƙasar gangare, a sami ambaliya da damina, rafuka kuma su ƙafe da rani. Manomin fadama da masunci da makiyayi, waɗanda watakila ba su taɓa ganin tsaunin ba, su ne za su fara shan wahalar.

Saboda haka doka ta hana farauta da saran itace da ƙona daji da haƙar ma'adinai cikin gandun. Wajibi ne mai ziyara ya nemi izni, ya tafi tare da ma'aikacin gandu, ya kashe wutar da ya hura kafin ya tashi, ya kuma kwaso shararsa. Itacen da gatari ya kayar cikin sa'a guda, sai an yi shekaru da dama kafin wani ya maye gurbinsa.