Rasuwar Kawu, ɗan jarida mai auna magana kamar hatsi a tiya

A makon jiya ne aka yi addu'ar kwana arba'in ta kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda Allah ya yi wa rasuwa a Damagaram yana da shekara tamanin da ƴan kai. Da yawa cikin masu karatu ba su taɓa ganin fuskarsa ba, amma sun san muryarsa, domin ya daɗe yana ba da labarai da Hausa a rediyo. Mu ƴaƴan ƴan'uwansa Kawu muke ce masa, har sunan ya bi shi wurin aiki.

Da malantar lakwal ya fara. Da aka kafa ƙungiyar Radiyo-kulob ta Nijar a 1962, yana cikin malaman da ke tara mutanen ƙauye da dare su saurari shiri, su yi muhawara, a ɗauki maganarsu a aika Yamai. A nan ya gane talaka na da abin faɗa, mai kai maganar ne babu. Daga nan ya ajiye alli ya rungumi aikin jarida.

Jama'a, aikinsa ba ƙarami ba ne. Labari yakan zo da Faransanci, alhali akasarin ƴan ƙasa ba su jin sa. Dubi batun kuɗi kawai. Takarda da tamma take lissafi, kasuwa kuwa da dala, kuma dala ɗaya tamma biyar ce, jikka guda tamma dubu. Mai fassara in ya yi sakaci ya ce "ɗari" inda takarda ta ce tamma 100, to ya ninka farashi sau biyar a kunnen mai saurare. Kawu ba ya shiga ɗakin magana sai ya mayar da kowane adadi lissafin kasuwa a gefen takarda.

Da aka karya darajar Sefa a watan Janairun 1994, masu ilimin boko sun yi ta dogon bayani. Shi kuwa cewa ya yi: tammar Faransa da ake saye dala goma jiya, yau sai dala ashirin, saboda haka duk hajar da ta ƙetaro teku za ta yi tsada. Ɗan kasuwar Maraɗi da mai saye a Tawa kowa ya gane nan take.

Ya yi aiki a zamanin da jarida da rediyo duk na gwamnati ne. Ya ga fitowar jaridar Haske a 1990, ya ga babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, lokacin da bakin kowa ya buɗe. Ya yi murna, amma yakan gargaɗi samarin ƴan jarida cewa magana zarar bunu ce. Ɗan kasuwa mai tauye tiya dukiya yake ci, in ji shi, ɗan jarida mai ƙara gishiri kuwa mutuncin mutane yake ci.

A gida ma haka yake. In ka kawo masa labari, tambayar farko ita ce: "Wa ya faɗa maka? Shi yana wurin?" Duk da haka gidansa ne masaukin kowane yaron dangi da ya zo birni karatu, kuma ba a taɓa jin ya yi gori ba.

Bai bar bene ba, bai bar mota ba. Adaka biyu ya bari cike da kaset: hirar tsofaffin fatake, ta makaɗa, ta manoman da suka ga yunwar 1973 da ta 1984. Masu muryoyin nan kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, zafi da ƙura kuwa ba sa jiran kowa. Irin waɗannan adakoki suna nan a gidajen tsofaffin ƴan jarida da dama. A Yamai akwai cibiyar IRSH da ta CELHTO, masu aikin adana tarihin baka. Muna kira ga magada su kai musu abin da ke hannunsu a juye a kwamfuta, alhazan kasuwa kuma su taimaka da kuɗin aikin, domin tarihin iyayensu ne a ciki.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba mu haƙurin rashinsa. Amin.