Rubutu a Kan Faifai: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

A shekarun da suka biyo bayan 2000, duk wanda ya ci kasuwar Tsamiya ko ta Lolo, a ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, ba zai rasa cin karo da masu tallan faifan CD ba. Akwai na tafsirin watan azumi, da na waƙoƙin makaɗan gargajiya, da kuma na bukukuwan aure. Da yawansu ba daga kamfani suka fito ba, a kwamfutocin ƙananan shaguna aka naɗe su, sannan suka bi fatake zuwa Segbana da Malanbil a Jamhuriyar Benin. A yau wayar hannu da katin memori sun ture faifai daga kasuwa, amma har yanzu akwai su jibge cikin akwatunan gidaje, wasunsu ɗauke da muryoyin malamai da dattawan da suka riga mu gidan gaskiya. Abin takaicin shi ne, sau da yawa hannun da ya rubuta wa faifai suna, shi ne ya fara yi masa illa.

Yadda aka ƙera faifai

Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da faifan CD a shekarar 1982. Faɗinsa milimita 120 ne, kaurinsa kuwa milimita 1.2. Kusan dukkan wannan kauri roba ce garai-garai da ake kira polikabonet. A faifan da ake iya naɗa a gida, wato CD-R, an shimfiɗa wani rini a bisa robar, wanda hasken leza ke ƙonawa ɗigo-ɗigo domin ajiye sauti ko hoto. A kan rinin akwai shafen azurfa ko zinariya mai mayar da haske kamar madubi, daga nan sai wani siririn fenti wanda bai kai kaurin gashin kai ba.

A nan ne mutane da dama suke kuskure. Suna tattalin ɓangaren ƙasa mai ƙyalli, suna ɗaukar saman faifai tamkar bangon littafi. Alhali kuwa bayanan sun fi kusa da saman. Ƙarcen da ya sami ƙasa ana iya goge shi, amma wanda ya huda fentin sama ya taɓa shafen madubin, to ya tafi da bayanan ke nan har abada. Faifan DVD, wanda ya shigo kasuwa a 1996, ya ɗan fi samun kariya, domin faifai biyu ne masu kaurin milimita 0.6 aka manne, bayanan suna tsakiya.

Alƙalami da tawada

Saboda haka biro da fensir ba su dace da faifai ba ko kaɗan, domin tsininsu yana kwarzane fentin. Ita ma maka ba kowace iri ba ce ta dace. Wadda ke da wari mai hawa kai sau da yawa tana ɗauke da sinadarai masu narkarwa irin su zailin da toluwin, waɗanda kan ratsa fentin a hankali. A shekarar 2003, cibiyar kula da ma'auni da fasaha ta ƙasar Amurka ta wallafa jagora ga ma'aikatan ɗakunan karatu, inda ta ba da shawarar amfani da maka mai taushin baki wadda aka haɗa tawadarta da ruwa. Wuri mafi aminci kuwa shi ne ɗan da'irar nan garai-garai da ke kewaye da ramin tsakiya, domin babu bayani ko ɗaya a ƙarƙashinta.

Idan an yi kuskure wajen rubutu, gara a bar shi yadda yake. Goge shi da fetur ko kananzir ko ruwan cire jan farce ya fi kuskuren muni, domin irin waɗannan suna cin fentin, wasu ma har robar.

Takarda, gam da ƙwayoyin halitta

Wasu sukan ga ya fi kyau su yanko takarda su liƙa da gam ko salatif. Faifai a cikin kwamfuta mai sauri yana iya juyawa kusan sau 10,000 a minti guda. Ƴar takardar da aka liƙa a gefe guda takan sa ya rinjaya, ya riƙa kakkarwa, hasken leza ya kasa bin layinsa. Bugu da ƙari, zafin watannin Maris da Afrilu, wanda kan haura digiri 40 a wannan yanki, yana narkar da gam, takarda ta ɗago ta maƙale cikin na'ura. In kuma aka yi ƙoƙarin ɓare ta, sai ta taho da shafen madubin.

Akwai kuma wani haɗari da ilimin halittu ya bayyana. Takarda da gam ɗin da aka dama da garin rogo ko sitaci abinci ne ga fumfuna da kyankyasai. Garuruwan bakin Kogin Kwara irin su Illo da Lolo suna fama da laima mai yawa da damina, kuma zafi da laima su ne abin da fumfuna ke bukata. A shekarar 2001, masana daga ƙasar Sifen sun ba da rahoton wani faifai da aka samo a ƙasar Beliz, mai zafi da danshi, wanda fumfuna ta shiga ta gefensa ta yi hanyoyi a ciki, ta cinye shafen ƙarfen har da robar. Wanda ya manna wa faifai takarda da sitaci, tamkar ya aza wa irin waɗannan baƙi tukunya ne.

Abin da ya kamata a yi

Hanya mafi tsabta ita ce a rubuta lamba kawai a da'irar tsakiya, sannan a rubuta cikakken bayani a jikin kwali ko gidan faifan: abin da ke ciki, da mai magana, da gari, da shekara. A yankin da ake jin Hausa da Fulatanci da Dandanci, kuma makarantun tsallaken iyaka suke koyarwa da Faransanci, yana da kyau a ambaci harshen da aka yi magana da shi, a rubuta da boko da ajami in da hali. A tanadi ɗan littafi guda mai jera lambobin duka.

A jera faifai a tsaye cikin gidajensu, nesa da rana, domin haskenta yana kashe rinin. A riƙe su ta gefe, a share ƙura da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba. Daga ƙarshe, tun da na'urorin karanta faifai suna ƙara wuyar samu, duk mai faifan da ke ɗauke da muryar da ba za a sake ji ba, ya hanzarta kwafe ta zuwa wurare biyu tun faifan yana amsawa. Allah ya ba mu ikon adana abin da magabata suka bar mana.