Kwafe Mayafin Hoto da Jerin Umarni: Amfaninsa da Iyakarsa a Nazarin Gonakin Arewacin Kano

Gabatarwa

Tun daga rahoton da Michael Mortimore da J. Wilson suka fitar a 1965 kan ƙasa da jama'ar karkarar Kano, wannan yanki mai cunkoson gonaki ya zama fagen bincike. Mai nazarin karkarar Ungogo, Minjibir ko Ɗambatta a yau yakan jera hotunan sama na shekaru mabambanta domin ya ga yadda gonaki da itatuwa suka sauya. Wannan maƙala ta yi bayanin dabarar da ke sauƙaƙa aikin, da kuma inda take iya ɓatar da mai bincike.

Ma'anar Shimfiɗa da Mayafi

A manhajojin gyaran hoto irin su Photoshop da GIMP, ana ɗora hotuna wani bisa wani, kowanne a matsayin shimfiɗa guda. Photoshop ta shigo da wannan tsari a 1994. Mayafi kuwa zane ne da ake liƙa wa shimfiɗa: inda yake fari hoton ya bayyana, inda yake baƙi ya ɓoye, toka-toka kuma ya bayyana dishi-dishi. Kowane ɗigo yana ɗaukar daraja daga 0 zuwa 255. Mayafi ba ya goge komai, rufewa kawai yake yi. Saboda haka ana iya lulluɓe gidaje, burtali da fadama, a bar gonakin tudu kaɗai domin ƙidayar itatuwa.

Yadda Ake Sarrafa Kwafewar

Zana mayafi ɗaya na cin lokaci, balle a maimaita shi a kan hotuna masu yawa. Mafita ita ce a zana shi sau ɗaya, sannan a bar wa kwamfuta maimaicin. A Photoshop ana naɗar matakan aikin ko a rubuta su da JavaScript. A GIMP ana amfani da Script-Fu ko Python. Umarnin yakan ɗauko mayafin asali, ya bi sauran shimfiɗu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirƙira wa kowacce mayafi, ya zuba mata kwafin. Sharaɗin shi ne hotunan su daidaita a girma da mazauni, wanda ake fara yi a manhajar taswira kamar QGIS. Idan suka goce ko kaɗan, burtali zai faɗa cikin lissafin gona.

Inda Gizo ke Saƙa

Kwamfuta tana kwafe zane ne, ba ta san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Gari yana faɗaɗa, rabon gado yana tsaga gandu gida-gida, don haka mayafin da ya dace da hoton wata shekara ba lallai ya dace da na bayan shekaru ashirin ba.

Misali mafi bayyana shi ne gawo. Saɓanin ɗorawa da kuka, gawo yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Idan aka zana mayafin itatuwa daga hoton damina, aka kwafe shi a kan na rani, za a rufe gawo da yawa, sakamakon ya nuna ƙarancin itatuwa alhali suna nan tsaye. Irin wannan kuskure na iya ɗora wa manoma laifin kwararowar hamada, bayan kuwa binciken Mortimore ya nuna cewa manoman yankin suna kare itatuwan gonakinsu da gangan.

Kammalawa

Ya kamata a kasa hotuna bisa yanayin shekara, a ware wa kowane rukuni mayafinsa, a kuma gwada sakamakon da abin da ke fili tare da masu gonakin. A nan masanin Hausa ke da rawar takawa, domin manomi ya riga ya bambance tudu da fadama, jigawa da dabaro, tun kafin a san kwamfuta. Waɗannan rabe-rabe su ya dace mayafin ya bi.