JIRGIN WASA A BISA WATA

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani irin jirgin ƙasa na wasa wanda ake kafawa a filayen shaƙatawa. Dogonsa yana bisa ginshiƙai, ya hau, ya gangara, wani wurin ma ya naɗe kamar gammo. Galibin jiragen nan ba su da inji a jikinsu. Da sarƙa ake jan taragun zuwa ƙwanƙolin tudun farko, sa'an nan a sake su, jan da ƙasa ke yi wa kowane abu ya ƙarasa aikin. A shekarar 1884 aka buɗe irinsa a bakin tekun birnin Niyok, gudunsa kuwa wajen mil 6 ne a awa.

To, tun da ɗan Adam ya taka Wata a 1969, muka ga ya kyautu mu tambaya, ƙaƙa jirgin nan zai kasance in an kai shi can?

A nan duniya, idan tarago ya gangaro daga tudu mai ƙafa 100, zai iso ƙasa da gudun wajen mil 55 a awa, in an ɗebe abin da iska da gogayya ke ragewa. Amma jan Wata kashi ɗaya ne cikin 6 na namu, saboda haka a can mil 22 kaɗai zai yi. Wanda ke son mil 55 ɗin nan sai ya ɗaga tudunsa ya kai ƙafa 600. A Mirrihu, wadda Turawa ke kira Mas, wajen ƙafa 260 ta isa. Mushtari kuwa janta ya ninka namu sau biyu da rabi, ƙafa 40 ma ta wadatar, sai dai ba ta da doron da za a kafa ginshiƙi. Ko da akwai, da tarago ya faɗa kwari nauyi zai danne mahayi, jini ya bar kansa, ya suma.

Sai dai akwai abin lura. Nauyin tarago yana raguwa a Wata, amma ƙarfen da ke jikinsa yana nan yadda yake. Watau tarago mai gudun mil 55 a can, wuyar tsayar da shi daidai take da ta nan. Magini ya ga kaya sun yi sauƙi ya rage birki, to, ya sayar da rayukan mutane ke nan.

Haka kuma a bisa tudu. Da yake jan da zai riƙe tarago a kan dogo kaɗan ne, da ya iso ƙwanƙoli a guje sai ya nemi tashi sama. An ga alamar wannan a 1972, sa'ad da John Young ya tuƙa 'yar mota a Wata, ƙafafunta suna ta barin ƙasa, alhali gudunta bai fi na mai keke ba. Tilas ke nan a miƙe kowace lanƙwasa ta ninka tamu sau 6, kuma a ƙarfafa ƙafafun nan masu kama dogo ta ƙarƙashi, waɗanda John Miller ya yi wa rajista a 1919.

Ashe kuwa a Wata ba za a yi wasan nan da araha ba. Tudu zai ƙara tsawo, dogo ya ƙara nisa, birki kuwa ko kaɗan ba a rage shi. Mai son wasa da gudu a can, sai ya fara da lissafi.