Yadda kwamfuta ke gano ɓangaren da za ta tashi daga gare shi

Idan kwamfuta ta tsaya da baƙin allo tana cewa ba ta samu abin tayarwa ba, akan ɗauka takardun ofis da lissafin ciniki sun salwanta. Sau da yawa kuwa suna nan daram. Alamar da ke nuna wa na'urar hanya ce ta ɓata.

Faifan ajiya akan kasa shi ɓangare-ɓangare, kuma a ɗaya daga ciki ne Windows ko Linux ke zaune. Aikin 'yar ƙaramar manhajar tayarwa shi ne ta gano wannan ɓangare.

A tsohon tsari mai suna MBR, wanda ya zo da PC DOS 2.0 a 1983, BIOS kan karanta gurbin farko na faifai mai bayit 512. Bayit 446 na farko umarni ne, 64 jadawali ne mai layi huɗu, biyun ƙarshe kuwa hatimi ne, wato 55 da AA. In babu hatimin, ba a amincewa da gurbin. In yana nan, umarnin kan bi layukan ɗaya bayan ɗaya yana neman mai alamar 80, ya karanta inda ɓangaren ya fara, ya miƙa masa ragama. Idan aka rasa alamar, ko layi biyu suka ɗauke ta, tafiya ta tsaya ke nan.

Wannan tsari ba ya wuce terabayit 2 a faifan da aka saba, shi ya sa GPT ya gaje shi. A nan UEFI ba alama yake nema ba. Kowane ɓangare yana da lambar nau'insa, sai ya zaɓi na EFI, ya buɗe fayil ɗin tayarwa da ke ciki. GPT kan ɗauki ɓangarori 128, yana kuma ajiye kwafin jadawalinsa a ƙarshen faifai saboda tsaro. Windows 11, wadda ta fito a 2021, UEFI take buƙata.

Saboda haka sauya saiti daga UEFI zuwa tsohon tsari kaɗai na iya hana kwamfuta tashi, alhali faifan lafiyarsa ƙalau. Kafin a yarda mai gyara ya goge faifai, ya kamata ya duba saitin da jadawalin, ya kuma kwashe bayanai tukuna. Gyaran alama aikin mintoci ne, amma abin da aka goge da wuya ya dawo.